Yadda Ake Kafa Haɗin Gwiwar Auna Siffofin Amfanin Gona Tsakanin Cibiyoyin Bincike a Ghana

Duk sabon irin masara ko wake ko rogo da ya isa hannun manomi, sai da wani ya tsaya a gona ya auna shi: tsawonsa, ranar da ya yi fure, yadda ya jure fari, yawan abin da ya bayar, da yadda cuta ta kama shi ko ta ƙyale shi. Wannan aiki shi ne awon siffofin tsirrai, kuma shi ne ya fi jan ƙafa a harkar inganta iri a yau, domin karanta ƙwayoyin gadon tsiro a ɗakin gwaji ya yi sauƙi ya kuma yi araha, amma sanin halin da tsiron zai nuna idan ya haɗu da ƙasa da rana da ruwa har yanzu sai an shuka, an jira, an auna. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibanmu da ke karatun noma a jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Ghana da ke Legon, musamman 'ya'yan Aboabo da Asawase da Nima da suka shiga wannan fanni, da kuma ma'aikatan fili waɗanda aikin yake rataye a wuyansu.

Ƙasashen da suka yi nisa sun daɗe da mayar da wannan aiki na ƙasa baki ɗaya. A Ostireliya an buɗe wani katafaren gidan rainon tsirrai a Adelaide a 2010, inda injin ke jan tukwanen shuka zuwa gaban kyamara ba tare da hannun mutum ba. Jamus ta haɗa cibiyoyinta na Jülich da Gatersleben da Munich a tsari guda, kuma a 2016 Turai ta sanya shirin EMPHASIS na awon siffofin tsirrai cikin jerin manyan kayan binciken da ƙasashenta za su yi tarayya a kansu. Mai kallon hotunan waɗannan wurare yana iya ɗauka cewa sirrin yana cikin injuna. A ganina abin da ya fi dacewa mu ɗauka daga gare su shi ne yarjejeniyar da ke ƙarƙashin injunan, wato kowa ya auna abu ɗaya ta hanya ɗaya, ya rubuta shi da suna ɗaya, ya ajiye shi inda ɗan'uwansa zai same shi. Wannan ba ya bukatar miliyoyin daloli, kuma ana iya fara shi a damina mai zuwa.

Ghana tana da ginshiƙan da ake bukata. Akwai Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta ƙasa, CSIR, a Fumesua kusa da Kumasi, wadda ta fitar da masarar Obatanpa a 1992. Akwai cibiyar SARI a Nyankpala kusa da Tamale mai kula da amfanin gonar arewa, da cibiyar adana irin tsirrai a Bunso, da cibiyar binciken ƙasar noma a Kwadaso, da cibiyar WACCI da aka kafa a Legon a 2007 domin horar da masanan inganta iri na Afirka ta Yamma. A maƙwabta kuma akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Ibadan da reshenta na Kano, da cibiyar CERAAS a Thiès ta Senegal wadda ta ƙware kan juriyar fari. Aikin da ke gabanmu shi ne ɗinke waɗannan wurare ta yadda awon da aka yi a ɗaya zai yi amfani a sauran.

A fara da tambaya ɗaya

Kada a tara mutane da sunan za a auna komai a kan kowane amfani, domin irin wannan taro yakan ƙare da takarda mai kyau wadda babu mai aiki da ita. A zaɓi amfani ɗaya da matsala ɗaya, kamar masarar da za ta jure tsayawar ruwan sama a lokacin fure, ko waken da wuta-wuta ba za ta cinye shi ba. Daga tambayar ne za a san siffofin da za a auna, kuma gara su kasance biyar ko shida da za a auna da kyau, da a lissafa talatin da za a cika da ƙiyasi.

Kafin a rufe jerin siffofin, a je kasuwa. Masu sayar da hatsi a kasuwannin Kumasi da Techiman da Ejura, waɗanda da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa, sun san abin da mai saye ke nema fiye da yadda takardar bincike ta sani. Ɗalibi ya ɗebi wake iri uku a leda ya kai wa wata hajiya mai sayar da wake, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ce, "Hajiya, don Allah ki duba mini waɗannan, wanne za ki saya?" Za ta zuba a tafin hannu, ta dubi girman ƙwaya da farin fatarsa da launin idonsa, ta murza ta ga ko ɓawon zai saɓe da sauƙi, sannan ta ce, "Ɗana, wannan masu ƙosai za su so shi, wancan kuwa ko a kyauta sai ya kwana a rumfa." Irin da ya ba da amfani mai yawa amma kasuwa ta ƙi shi, manomi ba zai sake shuka shi ba, don haka girman ƙwaya da launi da saurin dahuwa su shiga jerin awo tun daga farko.

Zaɓen wuraren gwaji

Dalilin haɗin gwiwa shi ne iri ɗaya ba ya nuna hali ɗaya a ko'ina. Kumasi da kewayenta suna samun damina biyu, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, yayin da Tamale da arewacinta ke da damina ɗaya daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Ejura tana tsakanin yankin kurmi na kudu da yankin ciyayi na arewa. Gwajin da aka yi a Fumesua da Ejura da Nyankpala ya taɓa yanayi uku daban-daban, kuma ya fi gwaji uku da aka yi a gonaki uku masu kusa da juna. Idan juriyar fari ake nema, kada a dogara ga sa'ar tsayawar ruwan sama. A sami wuri mai ban ruwa a yi gwajin da rani, a janye ruwan da gangan kafin lokacin fure, a bar wani sashe yana samun ruwa cikakke domin kwatantawa.

Littafin awo

A nan ne ya kamata a zauna a daɗe, domin yawancin haɗin gwiwar da ya rushe a nan ya rushe. Kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata, haka kalma ɗaya take ɗaukar ma'ana biyu a cibiyoyi biyu ba tare da kowa ya lura ba. Idan an ce "tsawon masara", wani daga ƙasa zuwa ƙarshen furen sama yake aunawa, wani kuma daga ƙasa zuwa gaɓar ganyen ƙarshe, kuma bambancin yana iya kai santimita da dama. Saboda haka kowace siffa a rubuta mata abubuwa huɗu: mene ne ita, yaya ake auna ta, da wane ma'auni, kuma a wane lokaci na rayuwar tsiron.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan shi ne tazarar fure a masara. Ana rubuta ranar da rabin shukar fuloti, wato ɗan yankin gonar da aka ware wa iri ɗaya, suka fara zubar da garin fure daga sama, sannan ranar da rabinsu suka fitar da gemu a goyo. Kwanakin da ke tsakanin biyun su ne tazarar. Idan fari ya matsa wa masara, gemun yakan makara, garin fure ya ƙare kafin ya fito, sai a sami goyo maras ƙwaya. Irin da tazararsa ta tsaya gajera duk da ƙishirwa shi ne ake nema. To amma wannan awo ba ya yiwuwa sai da shiga gona kullum a makonnin fure, har ranar Juma'a da Lahadi, kuma a ƙirga shuka da gaske. Idan wata cibiya tana dubawa kowace rana, wata kuma sau biyu a mako, tazarar kwana biyu ko uku da ake nema ta ɓace a cikin kuskure. A rubuta a littafin cewa dubawa ta kullum ce, a kuma tanadi wanda zai maye gurbin ma'aikaci ranar hutunsa.

Haka batun laimar ƙwaya yake. Masarar da aka girbe tana ɗauke da ruwa, don haka ana mayar da nauyinta zuwa laima guda kafin a kwatanta. Wasu cibiyoyi suna amfani da kashi 15 cikin 100, wasu kashi 12.5. A ce an girbe kilo 10 mai laima kashi 25: a ma'aunin farko ya zama kilo 8.82, a na biyu kilo 8.57. Bambancin bai kai abin a zo a gani ba a fuloti ɗaya, amma ya isa ya ɗaga wani iri sama da wani idan aka haɗa alƙaluman wurare biyu ba tare da an sani ba. A zaɓi ɗaya a rubuta, kuma kowa ya ajiye ɗanyen nauyi da laimar da ya auna, ba sakamakon lissafi kaɗai ba.

Siffofin da ake ba wa maki da ido sun fi kowanne haɗari. Cutar da ke murɗe ganyen rogo ta sa masa dabbare-dabbaren rawaya, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, ana ba ta maki daga 1 zuwa 5, inda 1 ke nufin babu alamar cuta. Ɓarnar wuta-wuta a masara ana ba ta maki daga 1 zuwa 9, ana kuma ƙirga wuta-wutar da ta tsiro a mako na 8 da na 10 bayan shuka. Dole a fayyace wane ɓangare ne mai kyau, ƙaramin maki ko babba, kuma a haɗa kowane maki da hoton ganyen da ya dace da shi. Ba sai an ƙirƙiro komai daga farko ba, domin kundin Crop Ontology da ke intanet yana da ma'anonin siffofin manyan amfanin gona da hanyoyin auna su. A ɗauko daga can, a gyara abin da ya kamata, a buga shi a ɗan littafi mai shiga aljihu. Ina ba da shawara a fassara bayanin da baki zuwa Hausa da Twi da Dagbani ga ma'aikatan da suka fi sakewa da su, tun da su ne za su riƙe ma'auni.

Sunan iri da asalinsa

Kowane iri ya sami lamba guda wadda ba ta canzawa. Waken da SARI ta fitar da sunan Songotra, shi ne wanda Najeriya ta fitar da sunan SAMPEA 10, kuma dukansu irin IITA ne mai lamba IT97K-499-35. Wanda bai san haka ba zai iya kwatanta su a matsayin iri biyu, ya kuma rubuta rahoto a kan bambancin da babu shi. A riƙa rubuta lambar asali tare da sunan kasuwa.

Irin da za a shuka a duk wuraren ya fito daga buhu ɗaya, wuri ɗaya ya ƙirga shi a ambulan ya raba. A kowane gwaji a sa iri biyu ko uku sanannu a matsayin ma'auni, ɗaya mai juriya, ɗaya mai rauni, ɗaya kuma wanda manoman yankin ke shukawa. Mai raunin yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan shi ma ya fito lafiya, to cutar ce ba ta zo ba a wannan shekara, kuma makin da sauran suka samu ba shaida ba ne. Idan iri zai tsallako iyaka, a nemi izini da takardar lafiyar tsirrai daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma tun da wuri, a kuma sa hannu a yarjejeniyar musayar iri.

Tsara fili da daidaita ido

Taswirar fili a zana ta a kwamfuta kafin shuka, a warwatsa irin ba bisa son rai ba, a maimaita kowanne aƙalla sau biyu ko uku. Tsawon layi da tazarar kunya da yawan taki da ranar sa shi su zama ɗaya a ko'ina, ko kuma a rubuta bambancin idan ya zama dole.

Kafin a fara ba da maki, a tara masu awon duk cibiyoyin a gona ɗaya na yini biyu. A zaɓi fuloti ashirin, kowa ya bi su shi kaɗai ya ba da maki ba tare da ya leƙa takardar wani ba, sannan a zauna a inuwa a kwatanta. Za a ga wani ya ba da 2 inda wani ya ba da 4. Sai a koma gindin shukar tare, babban ma'aikaci ya kama ganyen ya juya bayansa, ya ce wa ɗalibi, "Malam, dubi nan, ganyen ya ƙanƙance har ya murɗe, wannan ya wuce 3." A maimaita har makin ya kusanci juna. Wannan yini biyu ya fi kowace na'ura da za a saya amfani, kuma a sake shi kowace shekara, domin idon mutum yana sauyawa, ma'aikata ma suna sauyawa. Idan da hali, mutum ɗaya ya gama ba da makin gwaji ɗaya, ko aƙalla ya gama maimaici ɗaya, wato zagaye ɗaya na dukan irin, kafin wani ya karɓa.

Rubuta bayanai

Takarda da biro suna aiki, amma a wajen kwafewa zuwa kwamfuta ake tafka kurakurai. Manhajar Field Book, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, kyauta ce, tana aiki a wayar Android ba tare da intanet ba, tana kuma rubuta lokacin da aka shigar da kowane awo. A liƙa wa kowane fuloti alama mai lambar da waya ke karantawa, wadda ruwa da rana ba za su goge ba. A saita manhajar ta ƙi karɓar adadin da ya fita hankali, kamar masara mai tsawon mita goma. Kowace yamma a kwafe bayanan zuwa wuri na biyu.

Awon tsiro ba shi da ma'ana idan ba a san halin da ya girma a ciki ba. A kafa ma'aunin ruwan sama a cikin filin kansa, domin ruwan da ya sauka a tashar hukumar yanayi mai nisan kilomita goma ba lallai ne ya sauka a gonar ba. A ɗebi ƙasa a kai gwaji kafin shuka, a rubuta abin da aka noma a filin bara, da ranar shuka da ta noma da ta feshi. Ƙa'idar MIAPPE ta tanadi jerin mafi ƙarancin bayanan da ya kamata su raka kowane gwaji, kuma bin ta yana sa wanda zai buɗe bayanan bayan shekara goma ya gane su. Wajen ajiya kuma akwai rumbunan da aka riga aka gina, irin su Breedbase, wanda Cassavabase na rogo da Yambase na doya suke kansa.

Tarayya a kan na'urori

Sai bayan an daidaita duk wannan ne maganar na'ura za ta yi amfani. A fara da ƙidayar abin da ke hannu: wa ke da na'urar auna koren ganye ta SPAD, wa ke da ma'aunin laima, wa ke da tanderun busar da samfur, wa ke da jirgi maras matuƙi, kuma wanne ne ke aiki. Sau da yawa abin da wata cibiya ke neman kuɗin saye yana kulle a kabad ɗin wata. A yi jadawalin aro mai nuna wanda ya ɗauka da ranar mayarwa da wanda zai biya gyara, a kuma kawo na'urori masu aiki iri ɗaya wuri guda sau ɗaya a shekara a gwada su a kan samfur ɗaya.

Jirgi maras matuƙi yana iya ɗaukar hoton ɗaruruwan fuloti a cikin mintuna, daga hotunan a fitar da yawan shuka da tsawo da yadda ganye ya rufe ƙasa. Dole a yi masa rajista a hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana. A tashe shi wajen tsakar rana lokacin da inuwa ta taƙaita, a tsayi ɗaya kowane lokaci, hotunan su hau kan juna da kamar kashi 75 zuwa 80 cikin 100, kuma a kafa alamomi na dindindin a kusurwoyin fili domin hoton wannan mako ya zauna daidai kan na makon jiya. Hazon hunturu da gajimare masu wucewa suna sauya haske, don haka a rubuta yanayin sama a kowane tashi. Manhajojin OpenDroneMap da QGIS na sarrafa irin waɗannan hotuna kyauta ne kuma sun isa a fara da su. A shekarar farko a ci gaba da awon hannu a gefe, a kwatanta shi da na jirgi, kada a yarda da adadin jirgin sai ya bi na sanda. Ƙungiya ɗaya ta matuƙa biyu ko uku masu zagayawa tsakanin wurare ta fi jirgi a kowace cibiya ba tare da mai sarrafa hotunan ba. Domin aika manyan hotuna tsakanin jami'o'i, a tuntuɓi GARNET, hanyar sadarwar jami'o'i da cibiyoyin binciken Ghana.

Haƙƙi da kuɗi

Mutum ba ya sakin bayanan da ya sha rana a kansu sai ya tabbata ba za a ci guminsa ba, kuma yana da gaskiya. A rubuta yarjejeniya kafin shuka, ba bayan girbi ba: wa ya mallaki bayanan, tsawon wane lokaci za su tsaya tsakanin abokan aiki kafin a buɗe wa kowa, sunan wa zai fito a rahoto, kuma yaya za a kare ɗalibin da bai gama rubuta kundin digirinsa ba. Ma'aikatan fili su ma a ambaci sunayensu, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari, domin ingancin kowane adadi daga hannunsu yake fitowa. A kasafin kuɗi a ware na man mota da batir da alamomi da gyara da albashin mai kula da rumbun bayanai. Tallafin waje yakan sayi na'ura ya ƙare a shekara uku ko huɗu, don haka kowace cibiya ta ɗauki wani kaso na kuɗin gudanarwa a kasafinta tun daga shekarar farko.

Bayan girbi

Cikin wata ɗaya da girbi kowa ya shigar da bayanansa, mutum ɗaya ya tace su, ya mayar da duk adadin da ya yi shakka a kansa ga wanda ya auna maimakon ya goge shi da kansa. A fara duba kowane wuri shi kaɗai: idan maimaicin iri ɗaya sun yi hannun riga da juna, gwajin wurin bai inganta ba, kuma a nemo dalili kafin a haɗa shi da sauran. Daga nan a duba irin da ya tsaya da ƙafarsa a ko'ina da wanda ya yi fice a yanki ɗaya kawai, domin dukansu suna da masu bukata. Waɗanda suka yi zarra a kai su gonakin manoma, a ba kowane manomi iri uku ya shuka yadda ya saba, ya faɗi wanda ya fi da wanda ya gaza, a kuma tambayi matan gida da masu sayar da abinci bayan an dafa. Dokar Tsirrai da Taki ta 2010 ta tanadi cewa sai an yi wa iri rajista kafin a sayar da shi a matsayin ingantacce, kuma kwamitin fitar da iri na ƙasa yana neman shaidar gwaji daga wurare da damina fiye da ɗaya, don haka a tsara bayanan tun farko yadda za su shiga takardar da za a miƙa masa. A zaman bayan girbi kuma a buɗe littafin awo a gyara duk ma'anar da ta kawo saɓani, a rubuta ranar gyaran a bangonsa, a raba sabon bugu ga kowace cibiya kafin a ƙirga irin damina ta gaba.